Awakin Inna da Hoton Ƙarfe Biyar

Saura kwana uku ɗaurin aure, Souwaiba da ƙawarta Sakina suka kulle kansu a ɗaki da kaye da bik, littafi da abin rubutu, suka ce duk wanda ya zo a ce masa ba sa nan. Sakina mai ɗaukar hoto ce, tana da ɗan shago a hanyar kasuwa, kuma kaf unguwar Dagmanet an san ta da iya fito da fuska da kuma rashin hutun baki. Ita ta kawo maganar a rubuta forogaram.

"Na gaji," in ji ta, tana jan layi a takarda. "Sai magariba ta wuce a kira ni a ce in ɗauki amarya, ta fito kamar inuwa, gobe a ce Sakina ba ta iya aiki ba. Bikinki rana za mu bi. Inda ta tsaya, nan za ki tsaya."

"To in Gwaggo ta ce a'a fa?"

"Gwaggo Salamatu ta fi kowa son hoto. Bar ni da ita."

Haka suka jera. Juma'a lalle, don ya kwana ya kama. Asabar ƙarfe takwas ɗaurin aure a ƙofar gida, maza ke nan, hasken safe ya ishe su. Sha biyu abinci, kuma Sakina ta rantse ba za ta ɗauki kowa da loma a baki ba. Biyu, makiyaj, kwalliyar amarya. Uku da rabi, ƙawaye a inuwar zaure. Biyar daidai, ango da amarya a tsohon gari, gindin hasumiyar babban masallaci, lokacin da rana ke kwantawa a kan jar laka ta mai da ita kamar zuma.

"Voilà," in ji Sakina, ta rufe bik. "An gama."

Souwaiba ta murza gefen mayafinta. Sai can ta ce, "Saura ɗaya."

Sakina ta dube ta, ta sake buɗe bik ɗin, don ta san ko wane ne.

Souwaiba ƴar fari ce. Mahaifiyarta, Inna Ramatou, irin matan nan ne da suka riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Shekara ashirin da huɗu ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke" ko "yarinyar nan". Ba ta zama da ita tabarma ɗaya a gaban mutane, in ta shigo ɗaki Inna sai ta tuna da wani aiki a madafa. Souwaiba ba ta taɓa shakkar ƙaunar ba. Ta sha tashi da zazzaɓi ta tarar da kunun tsamiya a rufe kusa da kanta, ba a san wa ya ajiye ba. Amma a bangon ɗakin Inna akwai hotonta da kowane ɗa nata, ranar suna, ranar sauka, ranar salla, ban da ita. Ga shi Ilyas, angon, afirmiye ne, ma'aikacin jinya, a garin Dirkou. Ranar Litinin za su bi motocin da ke tashi, kwana biyu ko uku cikin rairayi, kuma ba wanda ya san ko za ta sake ganin Agadez kafin shekara. Abin da take so ta tafi da shi a jakarta bai wuce takarda ɗaya ba, ita da uwarta a tsaye wuri guda.

Wahalar ita ce ranar biki Inna ba za ta ma zauna a gidan ba. Tun asuba za ta koma gidan aminiyarta, Hajiya Halimatu Sa'adiya, a can tsofaffi za su je yi mata barka, ba za ta dawo ba sai an kai amarya.

"Ki roƙe ta mana," in ji Sakina.

"Na aika Gwaggo. Cewa ta yi ita ba ƴar zamani ba ce, a bar ta da mutuncinta."

"Bon. To me zai dawo da ita gida ko ana ruwan wuta?"

Kafin Souwaiba ta amsa, wata akuya ta yi kuka daga bayan madafa. Suka dubi juna.

Awakin Inna biyar ne, a wani ɗan garke bayan madafa mai ƙaramar ƙofa zuwa lungu. Kullum bayan la'asar ita da kanta take ba su dusar da ta haɗa da kanwa, ba ta yarda da hannun kowa. Ranar da aka yi rasuwar kakarsu ma sai da ta sulale ta zo ta ba su, ta koma zaman makoki. Sakina ta buga cinya. Ƙarfe huɗu da rabi za ta kira duk matan gidan su fita ƙofar gida hoton dangi, tsakar gida ta zama fayau. Kunyar Inna ta idon mutane ce, in ba ido watakila ta yi laushi. Amarya za ta jira a garke, Sakina ta zagayo ta lungu. Ta rubuta lokacin a ƙasan takarda da ƙananan baƙaƙe, ta ja masa layi biyu.

Ranar Asabar komai ya tafi daidai har abin ya fara ba Souwaiba tsoro. Liman bai makara ba. Tana ƙudundune a ƙuryar ɗaki ta ji muryar maroƙi yana shelar an ɗaura, guɗa ta tashi, zuciyarta ta yi wani irin tsalle da ba ta san tana iyawa ba. Abinci ya sauka a kan kari. Mai makiyaj, wadda aka ce ba ta taɓa zuwa biki kafin la'asar ba, sai ga ta biyu saura. Sakina na yawo da takardar forogaram a soke cikin ɗaurin zanenta kamar wuƙa, tana kora mutane daga rana zuwa inuwa.

Wajen ƙarfe huɗu, an gama hoton ƙawaye, Souwaiba na zaune cikin farar shadda mai aikin zare ruwan zinariya, sai ta ji wani abu ya ɓace a cikin hayaniyar gidan. Ta kasa kunne. Ga kiɗa, ga ƙarar ludayi, ga kukan jarirai, amma tun safe ba ta ji kukan akuya ko ɗaya ba. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce za ta kewaya, ta leƙa bayan madafa.

Manyan tukwane uku ne a kan duwatsu inda garken yake, an share wurin tas, mata na tuƙa.

"Me amarya ke nema cikin hayaƙi?" Gwaggo Salamatu ce, ƙanwar mahaifinta, wadda ragamar bikin ke hannunta. "Koma ciki kafin ki yi warin itace!"

"Gwaggo, ina awakin?"

"Awaki? Yau ranar aurenki awaki kike tambaya? Tun asuba na sa aka kora su gidan Hajiya Halimatu, can uwar taki take, su ƙarata. Bikin da ya wuce ba su suka cinye wa matar liman rabin mayafi ba? Ni ba za a yi wannan abin kunya a bikina ba."

Souwaiba ba ta san yadda ta koma ɗaki ba. Ta zauna a bakin gado. Sakina ta shigo, ta ji labari, ta zare takardar daga ƙugunta ta dube ta kamar ta ci amanarta.

"Kada ki yi kuka," ta ce da sauri. "Wallahi kada ki yi. Awa ɗaya aka yi ana zana idon nan. Dubi sama. Sama na ce!"

"Shi ke nan, Sakina. Ba abin da zai kawo ta."

"Mu sai mu je."

"Amarya ta ratsa unguwa da ƙafa? Gidan cike da tsofaffi? Kafin in kai zaure ta shige ɗaka ta sa sakata."

Sakina ta taka zuwa ƙofa ta dawo, ta sake takawa. Fita ɗaya tak Gwaggo ta yarda amarya ta yi, ta ƙarfe biyar, kuma da sharaɗin a dawo kafin kiran magariba don a shirya kai ta. Tsohon gari na gabas, gidan Hajiya na can ƙarshen Dagmanet. Hasken ba zai isa wuri biyu ba. Kuma hoton hasumiya shi ne abu ɗaya da Ilyas ya roƙa a duk bikin. A lungun nan ya fara ganinta, ta fito da ɗalibanta ƴan lakwal tana nuna musu ginin, ya tsaya da babur yana sauraro kamar shi ma an sa shi aji. Ya ce hoton zai rataya a ɗakinsu na Dirkou, su riƙa ganin gida.

"Ba zan iya ce masa ba," in ji Souwaiba.

"Ke za ki ce, mijinki ne tun ƙarfe takwas. Tashi. Akwai abin da na gani jingine a bangon madafa."

Biyar saura kaɗan mota ta tsaya a ƙofar gida, an ɗaura mata furannin roba, Tijjani abokin ango na tuƙi. Aka sako amarya a baya kusa da Ilyas ana guɗa. Sai ga Sakina ta fito, aparenta na ɗaukar hoto a wuya, rungume da rabin buhu.

"Wannan fa?" in ji Tijjani. "Kayan aiki ne?"

"Dusa ce. Buɗe baya."

"Dusa a motar amarya? Yau na wanke ta!"

"An kora awaki an manta da abincinsu. Buɗe, malam, rana na tafiya."

Motar ta tashi. Ilyas na ta kallon Souwaiba ta gefen ido, yana murmushin da ya kasa ɓoyewa, ƙamshin turarensa ya cika motar. Ita kuwa idonta na kan hannayenta masu lalle a kan cinyarta. Da suka kusa mararrabar da za a karkata zuwa tsohon gari, ta ce, murya can ƙasa, "Ilyas, ina da roƙo." Ta faɗa masa duka, kanta a sunkuye, tun daga bangon ɗakin Inna har tukwanen Gwaggo. Ta ƙare da cewa ta san alkawari ne, in ya ce a tafi hasumiya ba za ta riƙe shi a zuciya ba.

Ilyas ya ɗaga kai. Ta ga ya kalli hanyar gabas, inda kan hasumiyar ke leƙowa ta saman gidaje, rana ta fara shafa mata ja.

"Shi ne tun ɗazu kika kasa dubana?" ya ce. "Na zaci ni kike tsoro. Souwaiba, ginin nan kakannin kakanninmu suka tarar da shi, in mun dawo hutu yana nan. Tijjani, juya."

"Ango ya yi magana," in ji Tijjani, ya murza sitiyari. "Amma in tsofaffin nan suka kama ka, ni ban san ka ba."

"Ai kama shi za su yi," in ji Sakina. "Aikinsa ke nan yau."

Suka sauke amarya da buhu a lungun bayan gidan Hajiya, inda wata ƙofar langa-langa ke buɗewa zuwa wurin dabbobi. Souwaiba ta tura ta shiga. Awakin na ɗaure a gindin wata bishiyar kurna, suna ganin buhun suka ɗau kuka. Ta tsaya a jikin katanga, ta tattare shaddarta, tana jin muryar Sakina daga can cikin gida: "Iyayena, ina wuni, ina gajiya! Hoton manya ya zo! Duk a fito ƙofar gida, hasken can ya fi. Hajiya, ke ce a tsakiya. A'a, Inna Ramatou, ke na sani ba kya shiga, zauna abinki. Af, na manta, ga dusar awakinki can an ajiye ta ƙofar baya." Aka yi ta jan takalma ana dariya, ana neman mayafi, har gidan ya yi tsit.

Sai ta ji takun da ta sani tun tana rarrafe.

Inna ta ɓullo da tasa a hannu, cikin baƙin zane mai sheƙi na saƙi, wanda ba ta ɗaurawa sai babbar rana. Ta yi taku uku kafin ta ga mutum a jikin katanga. Ta tsaya cak. Idonta ya sauka a kan amaryar, ya gudu zuwa ƙasa, ta juya kamar za ta koma. Amma awakin sun gan ta, suna ta fizgar igiya. Ta ja tsaki, ta zo ta kwance bakin buhu, ta juya wa ƴarta baya tana zuba dusa.

"Ke Ja, matsa," ta ce wa wata akuya. "Kullum ke ce uwar haɗama."

Daga ƙofar gida guɗa ta tashi. An miƙa wa tsofaffi ango. Ana jiyo muryar Hajiya Halimatu tana cewa, "Durƙusa da kyau, mijina! Ka yi mini kishiya ba ka ko zo ban haƙuri ba?" Ƙofar langa-langa ta motsa, Sakina ta shigo tana haki, ta dubi sama, ta dubi katanga inda hasken ya rage bai fi kamu uku ba.

"Sakina," in ji Inna, ba ta waiwayo ba, "wa ya ce a kawo amarya cikin kashin awaki? Gaya mata ta ɗage zanenta."

"Ta ji, Inna."

Souwaiba ta ƙara ɗage zanen. Duk maganar da ta shirya kwana uku ta watse, abin da ya fito kawai shi ne, "Inna, jibi zan tafi."

Hannun Inna ya tsaya a cikin tasa.

"Ai an gaya mini," ta ce wa tasar.

"Hoto ɗaya nake so. Ni da ke. Ba zan sake roƙon komai ba."

"Mutane…"

"Ba kowa, Inna," in ji Sakina a hankali. "Daga mu sai awaki, su kuma ba sa kai labari. Ango na can yana gaida mutum goma sha huɗu ɗaya bayan ɗaya, kowace sai ta tambaye shi dangin ubansa."

Inna ta dubi hanyar cikin gida. Ta ajiye tasa, ta karkaɗe hannu, ta goge su a gefen zanenta, ta sake gogewa. Sannan ta juyo, tana kallon saman kan ƴarta.

"Wa ya yi mata ɗaurin kallabin nan? Ya karkace. Haka za a kai ta gidan mutane?"

Ta matso. Souwaiba ta rage tsawo, ta ji yatsun uwarta a bayan kunnenta, masu kaushi, masu warin dusa da kanwa, suna kwance ɗaurin suna sake naɗawa. Ba ta tuna ranar da hannun nan ya taɓa ta ido biyu ba. Ta rufe ido. Can gefe apare ya yi ƙara, ƙyas, ya sake yi.

Ta jira Inna ta zabura ta gudu, amma ba ta gudu ba. Sai da ta soke bakin kallabin, ta daddanna shi, sannan ta ce, "Ta ɗauka?"

"Na ɗauka, Inna."

"Kawo in gani."

Sakina ta juya mata bayan aparen. Inna ta kama shi da hannu biyu, ta kawo kusa da ido, ta ɗan nisantar. Souwaiba na tsaye kamu ɗaya daga gare ta, tana kallon uwarta tana kallonta a cikin ɗan madubin, kallo mai tsawo, daga goshi har haɓa, ba gaggawa, ba kauda kai. Leɓen Inna ya ɗan motsa.

"Ta rame," ta ce a ƙarshe. "A gaya wa yaron nan can ba a wasa da ruwan sha." Ta ƙara duba hoton. "Ni kuma ƙeyata kaɗai ta fito. In ta kai can wa zai san ko wace ce? Sake."

Sakina ba ta tsaya mamaki ba. "Jikin katanga, maza, nan inda rana ta rage. Inna, dama kaɗan. Yauwa."

Suka tsaya kafaɗa da kafaɗa. Inna ta miƙe ƙyam kamar mai hoton katin ɗan ƙasa, fuska a ɗaure, ido a kan apare. Amma a ƙasa, cikin ninkin shadda inda ta zaci ba a gani, ta kama ɗan yatsan ƴarta ta riƙe gam. Ja ta turo kai tsakaninsu tana tauna. Ƙyas. Ƙyas. Hasken ya zame daga katangar ya hau rassan kurna.

"To, ya isa. Ku tafi kafin a shigo," in ji Inna, ta saki yatsan, ta koma ga tasarta. "Sakina, kada in ji kin sa ni a salula duniya na kallo. Ki wanke biyu. Ɗaya ki kawo mini da kanki, a naɗe."

"An gama, Inna."

"Allah ya kiyaye hanya," ta ce wa awakin. "Allah ya sa a dace."

"Amin, Inna," in ji Souwaiba.

A cikin mota ta karɓi aparen ta ɗora a cinya, ta kasa daina dubawa. Ga Ja a tsakiya, ga tasa a ƙasa, ga wata tsohuwar taya a jingine, ga su nan su biyu, kowa zai gane hanci ɗaya ne. Wani nauyi da ta daɗe tana ɗauke da shi har ta manta nauyi ne ya sauka daga ƙirjinta, ta ja numfashi har ƙasan ciki.

Sai ga Ilyas a guje, ba hula, gwiwoyin wandonsa sun yi ja da ƙasa. Ya faɗo cikin mota ya ja ƙofa.

"Sun ƙwace hular, wai sai na dawo biko. Tijjani, taka! An samu?"

Ta miƙa masa. Ya duba, ya dube ta, ya damƙe hannunta. Motar ta hau hanya, ladanin farko na gyara murya a lasifika.

"Sakina," in ji amarya, tana dariya, ido cike da ruwa, "don Allah in mun isa ki sato mini shinkafa a tukunyar Gwaggo. Yunwa nake ji kamar in mutu."